Sarki Tunau da Birnin Ƙarƙashin Marina

Gatanan gatananku, jikoki, ku matso kusa da tabarmata.

Ta zo mu ji ta, Kaka, ga mu mun matso.

To madalla. Amma ku sani wannan ba tatsuniyar namun daji ba ce, labarin sarakuna ne da yaƙi. Mai gyangyaɗi ya tashi tun yanzu, kada ya zo yana ce mini in koma baya.

A can zamanin da, an yi wani birni da ake kira Dargaza. A kan tudun jar marmara yake, ƙasa mai taurin da sai ka yi gumi kafin ka kafa turken akuya. Mutanensa marina ne, shuninsu ya yi suna har inda ba a jin Hausa. Amma abin da ya fi sa a yi zancensu wata doka ce tasu da babu irinta ko'ina: Sarkin Dargaza ba ya shiga ƙarƙashin ƙasa da ransa. Ko rami ne, ko rijiya, ko kwazazzabo, muddin kansa ya yi ƙasa da doron ƙasa, to an sa shi cikin matattu. A buga tambarin mutuwa, a kwance rawani, duk umarnin da ya bayar ya faɗi, kuma shi da gadon sarauta har abada. Kada ku yi dariya. An ce akwai sarkinsu da doki ya kayar cikin busasshen kududdufi, ya fito yana kakkaɓe riga, ya tarar fadawa har sun fara yi wa matansa ta'aziyya.

Mai tsaron wannan doka ita ce Magajiya. A lokacin da nake ba ku labari Magajiya Hakama ce, goggon sarki, wadda ta goye shi tun rasuwar uwarsa. Sarkin kuwa Tunau sunansa, dogo, marar yawan magana. In ya ce a'a, sai dai ka gaji ka tafi.

Wata ranar bazara fada ta cika, sai ga jakadan Bagudu, Sarkin Tumbusa. Bagudun nan ya ci garuruwa da yawa a yamma, dawakinsa in sun sha ruwa a tafki sai kifi ya kwana a taɓo. Jakadan bai tuɓe takalmi ba, bai faɗi gaisuwa ba. Wani ɗan ƙoƙo kawai ya ajiye gaban sarki, cike da ƙasa.

Ya ce, "Ubangidana Bagudu, mai rufe rana da mashi, ya ce a gaishe da Tunau. Wannan ƙasar ƙofar gidansa ce. Ka ɗiba ka yi hurwa, ka zuba a kanka a gaban jama'arka, ka zama bawansa. Duk shekara ka aika masa samarin da suka isa riƙe garma da 'yan matan da suka isa riƙe taɓarya. In ka yi haka ka ci gaba da sarautarka. In ka ƙi, kafin ruwa ya sauka zai zo ya ɗiba da kansa."

Aka fitar da jakada zaure, majalisa ta zauna. Galadima Masoro ya fara magana. Shi ma jinin sarauta ne, ɗan wan uban sarki, kuma tun ranar da aka naɗa Tunau aka bar shi tuwo bai ƙara yi masa daɗi ba.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Ganuwarmu ta kudu ta zube tun damina, ba a gyara ba. Dawakinmu ba su kai na zagagen Bagudu ba. Ƙasa ce fa kawai, Zaki. A zuba da safe, a wanke da yamma."

Madawaki Cindo, shugaban yaƙi, ya zabura har takobinsa ya bugi gini. "A wanke? Galadima, 'ya'yan mutane da za a kora kamar tumaki, su ma wanke su za a yi su dawo? Ranka ya daɗe, ka ba ni izini mu tare shi a fili. In za mu ƙare, mu ƙare a tsaye."

Magajiya tana gefe a kan buzunta, ta ce, "Kai kuma Cindo, in kun ƙare a tsaye, mu da muke zaune wa ya bar mu? Ɗayanku yana son sayar da gari, ɗayanku yana son binne shi. Ku yi shiru mai garin ya yi magana."

Sarki ya sa aka dawo da jakada. Ya ɗebi ƙasar ya murza a tafinsa, ya dube ta da kyau kamar mai sayen gero.

Ya ce, "Yashi ya yi mata yawa. Ka ce wa Bagudu na ga ƙasarsa, na kuma gane abin da ya hana shi zama a gida. Mayar masa da abarsa. Ɗan Dargaza ko guda ba zai ga Tumbusa da igiya a wuya ba."

Galadima ya faɗi ya roƙi a bar shi ya raka jakada, wai ko zai sanyaya maganar a gaban Bagudu. Sarki ya dube shi ya daɗe, sa'an nan ya ce ya je. Ya tafi kuwa. Kwana da kwanaki babu Galadima, babu saƙonsa. Sai fatake suka kawo labari cewa sun gan shi a Tumbusa cikin sabuwar alkyabba, yana cin abinci akushi ɗaya da Bagudu.

To, kun ji inda aka kwana. Yanzu ku saurari ikon Allah.

Ana cikin wannan zullumi, ran nan da hantsi sai ga Sarkin Marina ya faɗo fada a guje, hannuwa baƙi ƙirin da shuni, ko gaisuwa ya kasa haɗawa. Wai babban raminsu na rini, wanda aka cika da ruwan baba jiya jiyan nan, ya yi wata irin ƙara kamar saniya ta haɗiyi ruwa, ruwan duk ya ɓace. Da suka leƙa, gindin ramin ya ɓurme, wata iska mai sanyi tana busowa daga ciki. Masu duba suka ce alamar faɗuwar gari ce, tun da ƙasa ta fara shanye arzikinsa.

Madawaki ya ce shi sai ya ga alamar da idonsa. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya riƙi fitilar man kaɗe, ya sauka da 'yan barade. Da ya dawo fada jikinsa duk jar ƙura, ya durƙusa gaban sarki.

"Zaki, gari ne! Gari guda a ƙarƙashin namu. Matakala ce sassaƙaƙƙiya, ruwan baba ya bi ta ya rine ta shuɗi, shi muka bi. Lunguna ne da sai ka sunkuya, su kai ka ɗakuna, ɗakuna su kai ka waɗansu ɗakunan. Akwai rumbuna, akwai turakun awaki, akwai rijiyoyi da ruwa mai sanyi. Na ga duwatsun niƙa da suka lotsa don aiki. An yi wa iska ƙofofi siri siri, suna ɓullowa ƙarƙashin tsofaffin rumbunanmu na nan sama, da gindin bishiyoyi. Jama'armu duka za su shiga, har da dabbobi."

Sai ya rage murya. "Amma can ƙurya akwai wani ɗaki mai faɗi, da gadon dutse. Akwai ƙasusuwan mutum zaune a kai, da ragowar rawani."

Magajiya ta gyara zama ta ce, "Ashe dai gaskiya ne. Wannan magana daga Magajiya sai Magajiya ake faɗa wa, ni kuma na zaci tsoratarwar tsofaffi ce. Kakanninmu ne suka sassaƙa shi, zamanin da mahara ba sa barin kowa ya girbe abin da ya shuka. In an hango ƙura su shige, in ta lafa su fito. Sai aka yi wani sarki da ya shiga ya ji daɗin ɓuya. Mahara suka tafi, ya ce a dakata. Damina ta zo ta wuce, ya ce a dakata. Yara suka tashi da ƙafafu gwame, ba su san rana ba. Ranar da mutane suka gaji, suka fito suka bar shi a kan gadonsa, suka toshe ƙofa, suka hana a ambaci sunansa. Daga nan dokarmu ta samo asali. Talaka ya ɓuya, haƙƙinsa ne. Sarki ba ya ɓuya."

Sarki Tunau ya ce, "To an gama shawara. Kowa ya sauka, da hatsi da dabba da jariri. Bagudu ya zo ya sami bango da ƙofa. Ya kwashi abin da ya samu, yunwa da damina su kore shi."

Madawaki ya ce, "Kai fa, ranka ya daɗe?"

"Ni ina nan."

"Kai kaɗai? Zaki, mutum ne ya yi dokar nan, mutum zai iya ɗage ta. Iya Magajiya, ki sa baki mana."

Tsohuwa ta juya fuska gefe. Ta ce, "A bayan nan na goye shi, Cindo. Amma in ya sauka, da hannun nan zan buga tambarin mutuwarsa. Kada ka sa ni."

Sarki ya ce, "In na sauka, gado ya zama babu kowa, Masoro kuwa da ma abin da yake jira ke nan. Muddin ina sama, Dargaza tana da sarki, kuma sarkin bai yi hurwa ba. Kawo takobinka, Madawaki. Na san halinka, kana jin kururuwa za ka fito ka kashe mini samari a banza. Lasa, ka rantse ba wanda zai fito daga ramin nan sai da umarnina, ko me ka ji ana yi mini."

Madawaki ya lashi takobi yana hawaye.

Wayyo, da kun ga saukar nan! Awaki suna turjewa, makafi ana riƙe musu sanda, wata tsohuwa ta ce ita ko a bar ta ko a sauka da tukunyar daddawarta, haka aka sauka da ita tana wari gaba ɗaya lungun. Da kowa ya shige, marina suka jera azara a gindin ramin, suka shafe samanta da katsi, wato busasshiyar lakar rini, suka bar 'yar ƙofar da ake turawa daga ƙasa. Kowa ya leƙa sai ya ce tsohon rami ne da aka daina aiki da shi. Madawaki ya sa masu gadi a ƙarƙashin azarar.

Bagudu ya iso da rundunar da ta cika fili har gindin duwatsu. Ya tarar ƙofofin birni a buɗe. Ba hayaƙi, ba kukan jaki, ba ko kaza. Suka ratsa har ƙofar fada, sai ga mutum ɗaya zaune gindin durumi da rawaninsa, yana yi wa kansa fifita.

Bagudu ya ja linzami ya ce, "Kai ne Tunau?"

"Ni ne. Kai ne mai yashin nan? Sannu da hanya. Ka yi haƙuri babu mai kawo maka ruwa."

"Ina mutanenka?"

"Sun tafi unguwa."

Galadima Masoro ya turo dokinsa gaba, ya ce, "Tunau, ka bar taurin kan nan. Faɗi inda suke, Sarkin Tumbusa mai afuwa ne."

Tunau ya dube shi sama da ƙasa. "A'a, Yaya Masoro, kai ne? Alkyabbar ta yi maka kyau. Na aike ka ka sanyaya magana, ashe ka tsaya cin tuwo."

Aka kama shi aka sa masa mari a ƙafa, aka bar masa rawaninsa, don Bagudu so yake ya yi hurwa yana sarki. Mahaya suka bazu daji, suka duba tsaunuka da fadamu da ƙauyuka, ko sawun akuya ba su gani ba. Kullum da safe a kawo ƙoƙon ƙasa a ajiye gaban Tunau, kullum ya ture da ƙafa. Aka hana shi abinci, aka shanya shi a rana. Da leɓɓansa suka tsage, Bagudu ya zo da kansa da ƙwaryar fura mai sanyi a hannu ɗaya, ƙoƙon ƙasa a ɗayan. Tunau ya ce, "Sha abarka, na ga kai ma ka rame."

A nan Bagudu ya hasala. Ya ce, "Na rantse da kabarin ubana, gobe in rana ta karkata zan sa wa garin nan wuta. Kowane ɗaki, kowane rumbu. In sun dawo daga unguwar su sami toka."

Jikoki, a nan ne gaban Tunau ya faɗi, ko da yake fuskarsa ba ta nuna ba. Ƙofofin iskar nan ai ƙarƙashin rumbuna suke. In jinka da karan gari duka suka kama, hayaƙin ina za shi? Ƙasa zai bi, ya shaƙe kowa a cikin lunguna, daga jariri har tsohuwa mai daddawa. Ga Madawaki da mayaƙa a shirye, amma shi da bakinsa ya ɗaure su da rantsuwa. Ba shi da ɗan aike. In ya yi kira da ƙarfi ya tona asirin ramin. In ya yi hurwa, dole ya kira jama'a su fito a ɗaure 'ya'yansu.

Shi ma Galadima bai so wutar ba, don garin yake kwaɗayi. Da gari ya waye ya durƙusa gaban Bagudu ya ce, "Ranka ya daɗe, yunwa da bulala ba sa tanƙwara mutanen gidanmu. Abu ɗaya muke tsoro. Sarkinmu in ya shiga rami, sarautarsa ta mutu, a raye za a yi masa makoki. Ka kai shi bakin rami ka ce ya zaɓa, hurwa ko rami. Wallahi kafin ka rufe baki zai zuba ƙasar nan a ka. Ba a taɓa yin ɗan gidanmu da ya zaɓi rami ba."

Bagudu ya ce a haƙa. Suka sara marmara, gatari ya yi tsalle ya dawo. Galadima ya ce, "Me za a wahala? Ga ramukan marina can. Amma a nemi busasshe, kada ya nutse a ce ni na kashe shi, masu zaɓen sarki su ƙi ni."

Busasshen rami kuwa guda ɗaya ne a marinar nan kaf.

Aka jawo Tunau da mari yana ja, aka tsai da shi a bakin ramin, runduna ta kewaye. Aka ajiye ƙoƙon ƙasa a damansa. Bagudu ya ce, "Zaɓi. Ka zuba wannan ka kwana kana sarki, ko ka shiga nan ka zama gawa mai tafiya."

Tunau ya dubi ramin. Kada ku zaci abin ya zo masa da sauƙi. Gadon ubansa ne da kakansa, kuma ya san abin da za a riƙa kiransa da shi: sarki na biyu da ya shiga rami da ƙafarsa. Ya ɗaga kai ya dubi soron fada, ya dubi rana. Sa'an nan ya ɗaga murya yadda ko na ƙarƙashin ƙasa zai ji.

"Ku shaida, Tumbusawa! Ni Tunau ɗan Arzika, Sarkin Dargaza, ban yi hurwa ba, ba kuwa zan yi ba. Kun ce yau in rana ta karkata za ku ƙone garina. To ku ƙone shi babu sarki a ciki. Ba wanda ya tura ni. Da ƙafata zan sauka, kuma na san abin da saukar take nufi."

Ya kwance rawaninsa da hannunsa ya ajiye a bakin ramin. Ya zauna, ya zura ƙafafu, ya sulale ciki.

Galadima ya saki baki. Tumbusawa suka fashe da dariya, suna jefa masa ɓawon gyaɗa da kashin doki. Bagudu ya sa aka rufe ramin da zana aka danne da dutse, ya ce ya gasu a ciki. Galadima ya yi wuf ya ɗauki rawanin ya naɗa, ya ce, "To ranka ya daɗe, yanzu ai ni ne sarki, ga hurwata." Ya kwashi ƙasa ya watsa a kansa har tana shiga masa ido. "Batun wuta kuma sai a bari."

Bagudu ya ce, "Rantsuwa na yi, Masoro. Sarkin da ba shi da mutum ko ɗaya, ina ruwansa da ɗakuna? Ka yi sarautar toka." Ya ba da umarni a tara ganima, a ci abinci, a huta, rana na karkatawa a kunna.

A can ƙasa kuwa masu gadi sun ji komai. Suka tura 'yar ƙofar, suka jawo Tunau, maƙeri ya sare marin. Aka kai shi babban ɗaki inda jama'a suke cunkushe. Magajiya Hakama ta tashi ta dube shi, kai babu rawani, jiki duk katsi. Ta ce a miƙo mata tambari. Ta ɗaga gula ta buga.

Madawaki ya zube. "Ranka ya daɗe..."

Tunau ya ce, "Wa kake wa? Ba ka ji tambari ba? Sarki ya rasu, Cindo, rantsuwarka ta bi shi. Kai ne babba a nan yanzu. Ni ɗan Dargaza ne da ya zo neman mashi. Ka ba ni, ka nuna mini inda zan tsaya, don rana ba ta jiranmu."

Madawaki ya share ido ya miƙe. Da ma tun saukarsu ya gano tsofaffin hanyoyin fita da aka toshe, ya san kowace mafita, ya raba mayaƙa, kowace ƙungiya da tata.

A sama, tsakar rana ce ta bazara, irin wadda ƙadangare ma ke neman inuwa. Tumbusawa sun tuɓe lifidi da sulke, sun ɗaure dawaki, sun baje a zauruka cike da ciki. Sai suka ji ƙasa tana kiɗa. Ba daga gabas ba, ba daga yamma ba, daga ƙarƙashin haƙarƙarinsu. Dum. Dum. Dawaki suka fara tsinke igiya. Kafin wani ya lalubi takobinsa, rumbuna suka fara haihuwar mutane. Daga gindin kuka, daga bakin rijiya, daga bayan murhu, mutane jajaye da ƙurar marmara suna fitowa da masu a hannu, ba sa ko kururuwa. A gabansu ga wanda aka rufe a rami ɗazun nan, shuɗi daga kai har ƙafa.

Wani ya yi ihu, "Matattun garin ne suka tashi!" Shi ke nan, runduna ta watse. Doki ba ya juyawa a lungun Dargaza, mai gudu kuma bai san lungun da ke ɓullewa ba. Waɗansu Tumbusawa suka cinna wa unguwar kudu wuta don su sami hanya, mata suka fito daga rami da tuluna suka bi ta da ruwa suna zagi.

Tunau ya ci karo da Bagudu a ƙofar fada yana ƙoƙarin hawa doki babu sirdi. Bagudu ya kai sara, Tunau ya kauce ya soke shi a cinya, ya faɗi. Tunau ya sa masa tsinin mashi a maƙogwaro.

Bagudu ya ce, "Kashe ni, Sarkin Dargaza."

"Dargaza ba ta da sarki yau, kai ka jawo. Talaka ne ya kayar da kai. Tashi ka tafi gida ka faɗa musu haka."

Galadima kuwa aka neme shi aka rasa. Can sai wani marini ya ga ramin rini yana kumfa. Ya zura sandar motsa baba, ya ji ta taɓa abu mai laushi. Ashe sabon sarki ne ya faɗa ciki don ɓuya, hanci kawai ya bari a waje. Aka jawo shi baƙi wuluk, rawani yana ɗiga. Magajiya ta ce, "Af, Masoro, kai ma ka shiga? To kai ba sai na wahalar da tambari ba."

Da la'asar jama'a suka taru ƙofar fada. Aka wanke rawanin aka kawo. Mutane suna kiran sunan Tunau har muryoyi suka dushe. Madawaki ya tsaya ya ce, "Jama'ar Dargaza, dokar nan don sarkin da ya ɓuya aka yi ta. Wannan bai ɓuya ba. Ya shiga rami ne don mu fito. Iya Magajiya, ki ce tambarin kuskure ne, mu duka za mu shaida."

Kowa ya juya wajen tsohuwa. Hawaye suna bin kumatunta. Na tabbata da an ƙara mata ɗan lokaci da ta ce kuskure ne. Tunau bai bari ba.

Ya ce, "Goggo, kada ki faɗa. Kin buga daidai. In kuka ɗage mini yau don dalilina mai kyau ne, gobe wani zai sauka da nasa dalilin, shi ma zai ce mai kyau ne. Wancan na kan gadon dutse ai da dalili ya fara. Yanzu da kowa ya san ramin nan, yanzu ne dokar ta fi amfani. Bagudu bai sa na zuba ƙasa a kaina ba, ku ma ba za ku sa in mai da rawanin nan ba. Ku ba wani. Ni dai yunwa nake ji, in akwai mai sauran fura."

Magajiya ta matso ta kama kansa da hannu biyu, kan da rabonta da taɓa shi tun ranar naɗi, ta ce, "Zo mu je gida, ɗan nan. Dubi yadda ka yi dauɗa."

Ƙurunƙus. Saura in faɗa muku inda kowa ya ƙare.

Masu zaɓe suka naɗa Nomau, ƙanen Tunau, ya gyara ganuwar kudu, ya daɗe yana mulki. Bagudu ya koma Tumbusa da ɗingishi, garuruwan da ya ci suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya, bai sake fita yaƙi ba. Masoro aka kore shi daga ƙasar, ya mutu a wani ƙauye yana saƙar zana. Madawaki Cindo ya tsufa a kan muƙaminsa. Magajiya Hakama ta rasu bayan 'yan shekaru, a ɗakin Tunau. Ƙasusuwan tsohon sarkin nan aka fito da su aka binne. Shi kuwa Tunau ya roƙi a ba shi tsaron birnin ƙarƙashin ƙasa, aka ba shi. Shi ke yashe rijiyoyinsa, yana share ƙofofin iska, yana zuba sabon hatsi a rumbunansa duk kaka, har ya tsufa ya rasu, aka binne shi a maƙabartar talakawa.